Motar iyali: mai ita ne bakanikenta na farko

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja da bazara ya saba ganin Sienna ko Sharon a gefen titi, bonet a ɗage, tururi na tashi, mata da yara sun raɓe a inuwar bishiya, maigida kuma yana waya da bakanike: "Wallahi haka kawai ta tsaya." Da wuya mota ta tsaya haka kawai. Yawanci ta daɗe tana ba da alama, ba a samu mai kula ba ne. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya sayi motar da za ta kwashi iyalinsa gaba ɗaya, ya ɗauki amanar da ba zai iya miƙa wa gareji dungurungum ba.

Mu tuna daga inda motocin nan suke zuwa. A Amurka Toyota ta fara ƙera Sienna a 1997. Sharon kuwa, wato Volkswagen Sharan, a Portugal aka fara haɗa ta a 1995 tare da 'yar'uwarta Ford Galaxy. Sai sun sha aiki a can kafin su iso mana ta Legas ko Kwatano. Sienna ma da mil take ƙirga tafiyarta, don haka wadda ta nuna 150,000 ta riga ta ci kusan kilomita 240,000. Tsohuwar mota ce muka kawo ƙasar zafi da ƙura, muka kuma ɗora mata mutum takwas da buhun shinkafa.

Inda aka fi cutar da ita shi ne wajen sanyaya inji. Da ta fara zafi sai a ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Aikin wannan ɗan ƙarfen shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara masa fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ce da aljihu yake ji. Abin da ya fi muni, ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Ruwan rijiya da muke ɗurawa shi ke haifar da tsatsa da dattin da ke toshe shi. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Idan allurar zafi ta haura a hanya, a tsaya a kashe mota, kada a taɓa murfin sai ta huce. Dagewa a kai gari na gaba shi ke ƙona gaskit.

Sai baƙin mai. Injin Sienna ta farko ya yi ƙaurin suna wajen daskarewar mai idan aka yi jinkirin juye, har a 2002 Toyota ta amince ta ɗauki nauyin gyara wa masu motocin a Amurka. A yanayinmu kada a wuce kilomita 8,000 ko wata shida ba a yi juye ba, da man da ka saya da kanka a rufe, da sabuwar filta, kana tsaye a wurin. Da hunturu kuma a riƙa leƙa iyakilina, domin ƙura tana cika ta da wuri. Akwai tambayar da masu mota da yawa ba su san amsarta ba: injin nan da bel yake aiki ko da sarƙa? Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel gare ta, ana canza shi wajen mil 90,000. Daga 2007 aka koma sarƙa. Wanda bai san ranar da aka canza bel ɗin motarsa ba, ya ɗauka ba a canza ba.

Fitilar da ke kunnuwa a gaban direba da hoton inji ita ma ta sha wulaƙanci. Wasu su liƙe ta da baƙin salatif, wasu su sa mai wayarin ya cire ƙwanta. Alhali tun 1996 duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana da wani soket a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona 'yar na'ura ta karanto lambar matsalar a wayar hannu. Wanda ya shiga gareji da lambar a rubuce ya rage wa kansa gyaran lalube, irin na "bari mu canza filogi mu gani". Idan fitilar tana ƙyaftawa, inji yana tsallake wuta ne, a rage gudu a nemi gyara nan take. Idan kuwa jar fitilar baƙin mai ce ta kama, a kashe mota a inda ake.

Taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, amma ita muka fi yi wa rowa. A jikin kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa shekara huɗu ce wa'adin taya, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar hannu ta Beljiyam mai sheƙi tana iya zama ta tsufa tun a jirgi, kuma kwalta mai zafi ba ta yi mata uzuri. Awon iskar da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ba a bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun guduma ba. A Sienna safaya tana rataye a ƙarƙashin mota da igiyar ƙarfe, kuma a 2010 Toyota ta janye motoci da dama a Amurka saboda tsatsa na cinye igiyar. A sauko da ita lokaci-lokaci a duba iskarta, a tabbatar jak da sifana suna nan.

Za a ce ai don haka aka yi bakanike, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gaskiya ne, kuma ban ce maigida ya kwance birki ko giya a ƙofar gida ba. Wannan aikin masu sana'a ne. Muna da ƙwararru a garejinmu da 'yan kasuwa masu amana a Ƙofar Ruwa da Panteka. Amma bakanike yana ganin motar ne ranar da ta lalace, kai kuwa kullum kana cikinta. Kai za ka ji sabon ƙara, kai za ka ga ɗigon mai a inda ta kwana. Sau da yawa ma mu ke tura shi ga aikin wucin gadi, da mun ce "yi min dabara, ba kuɗi".

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da mota, a ɗaga bonet a duba baƙin mai, ruwa da man birki, a zagaya tayoyi, a gwada fitilu. A ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta ranar kowane juye da kowane gyara. A koya wa uwargida da manyan yara, tunda su ma suna tuƙawa. Idan tafiyar Sallah ko ta biki ta taso, a kai mota gareji da saura mako guda, domin gyaran da aka yi da safiyar tafiya a kan hanya ake gwada shi, da iyali a ciki. Mu yi addu'ar tafiya kamar yadda muka saba, bayan mun sauke namu nauyin. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.