Gas ya shigo ɗakunanmu, amma ina hanyar iska?

Tun ina yaro nake bin Baba Abbatuwa ta Oko-Oba a Agege. Da tirela ta iso daga Potiskum, abin da yake fara dubawa shi ne yadda aka loda shanun. In an cusa su da yawa, sai ka tarar wata ta faɗi, numfashi ya gagare ta. Mun san wannan a kan saniya, amma a kanmu mun manta.

A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin shekara goma na gas. Kananzir ya yi tsada, gawayi ma haka, sai jama'armu suka koma silinda. Mai shayi a Mile 12, mai abinci a Sabo ta Ibadan, kowa da gas yake tafasa ruwa. Wasu har hita mai gas suke sawa a banɗaki. Amma ɗakunan hayarmu ba su canza ba: taga ɗaya, ita ma a rufe saboda sauro da ɓarayi.

Wuta sai da iska take ci. In iska ta yi ƙaranci, gas ba ya ƙonewa sosai, sai ya fitar da guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai gubar hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda cikin dare.

Wani abokina mai shayi ya yi sati yana fama da ciwon kai da jiri, yana ta shan maganin maleriya. Ashe da asuba, in ana ruwa, yakan ja ƙofar kwantenarsa ya ɗora tukunya. Da aka huda masa kafar iska sama da ƙasa, ciwon ya tafi.

To, ga abin lura. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. In ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, a kashe a duba. Mai sa hita ya fitar da bututun hayaƙinsa waje, kada a yarda ya bar shi cikin banɗaki. A bar kafa ta ƙasa, domin gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa. In mutanen ɗaki suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a fito da su waje, a tafi asibiti. A Legas a kira 112 ko 767.

Ina roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu su ɗauko wannan magana a masallaci, musamman yanzu da kowa ke sayen silinda. Huda bango ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Allah Ya kiyaye mu.