Hausar Bakin Iyaka: Kada Ta Bi Sawun Kiriyol

Kwanakin baya na halarci wani ɗaurin aure a garin Tozai da ke Ƙaramar Hukumar Illela, inda na ji wani dattijo yana ba da uzurin makarar ƙanensa daga Ƙonni. Ya ce kamyon da ya ɗauko su ne isansi ya ƙare masa, ga shi kuma 'yan duwan sun tsare su a hanya. Kowa ya gane abin da yake nufi, sai wani matashi da ya zo hutu daga jami'a ya kwashe da dariya, ya ce: "Baba, ai wannan ba Hausa ba ce, Faransanci ne da ya lalace." Dattijon bai ce uffan ba, kuma har aka shafa fatiha ban sake jin muryarsa ba.

Wannan kalma ta "ya lalace" ita ta tsaya mini a rai, domin da irinta aka kusa kashe wani harshe a Amurka. A jihar Luwiziyana akwai harshen Kiriyol, wanda masu shi ke kira Kuri-Vini, wato "tafi-zo". An haife shi ne a bakin bayin da Faransawa suka fara kaiwa can a 1719, akasarinsu daga yankin Senegal da Gambiya. Bambara da Wolof da Fulani suka haɗu a gonaki ba mai jin yaren wani, sai suka ɗauki kalmomin iyayen gijinsu suka gina nasu harshe mai nahawun kansa. Kai, hatta Hausawa suna cikin ƙabilun da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tarar a takardun bayin jihar. A tatsuniyoyin da Alcée Fortier ya wallafa a 1895, dolon da zomo ke yi wa wayo kullum sunansa Buki, wanda shi ne sunan kura a Wolof. Mai karatu ya tuna yadda kura ke ƙarewa a tatsuniyoyinmu.

To me ya faru? A 1921 tsarin mulkin jihar ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa hukunta yaran da suka yi yaren gida a makaranta. Da aka kafa hukumar farfaɗo da Faransanci a 1968, sai ta fi karkata ga Faransancin littafi, aka bar Kiriyol a matsayin gurɓataccen yaren jikokin bayi. Iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu shi don gudun kunya. Sai a 1998 aka samu cikakken ƙamusunsa, lokacin da mafi yawan gwanayensa sun tsufa. Yau ana ƙiyasta masu jin sa ba su kai mutum 10,000 ba, kuma jikoki ne ke koyon sa ta intanet kamar baƙon harshe.

Ba cewa nake Hausar Tozai da Illela da Ƙonni Kiriyol ce ba. Hausa ce tsantsa, wadda ma ta adana tsofaffin siffofi irin su "yat tahi" da "wanga" da "ɗiya". Abin da ya haɗa su shi ne raini, kuma rainin nan ba shi da hujja. Wai shin me ya sa "fetur" ya zama Hausa amma "isansi" ya zama ɓatanci? Me ya halatta "ofis" da "kwastan" ya haramta "biro" da "duwan"? Duka aro ne daga Nasara. Bambancin kawai shi ne wane Bature ne ya faɗo wa kakan mutum bayan da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Hausa a yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka kafa turakun iyaka zuwa 1908.

Kalmomin nan kuwa tarihi ne a dunƙule. Wanda ya ce "lakwal" da "mushe" yana ba ka labarin yadda boko ya shigo Adar da Gobir ta wata ƙofa dabam da tamu. "Kumandan" na tuna zamanin aikin dole, wanda bai ƙare ba sai a 1946, lokacin da mutane ke tsallakowa ɓangaren Ingilishi don tsira. Ga kuma lissafin kasuwa: tamma, dala, jikka. Ɗan kasuwar bakin iyaka zai ce maka dala ɗari alhali sefa 500 yake nufi, ya juya ta zuwa naira a ka kafin ka lalubo wayarka. William Miles ya nuna a littafinsa na 1994, da ya rubuta kan ƙauyukan Yardaji da Yekuwa, yadda layin Turawa ya mai da jama'a ɗaya mai tarihi biyu. Wannan tarihi na biyu mu 'yan Nijeriya ba mu san shi ba, kuma a bakin tsofaffin nan yake.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne, a watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci harshen aiki kawai. Abin alfahari ne ƙwarai. Amma duk inda harshe ya shiga gwamnati, masu tace shi na biye. Ina fargabar a haɗa ƙyamar Faransa da kwaikwayon Hausar Kano ta rediyo da finafinai, a share kalmomin da talakawa suka sarrafa da bakinsu sama da shekara ɗari. Ba na jayayya da Daidaitacciyar Hausa, da ita nake rubutun nan, kuma dole ne ɗan Maraɗi da ɗan Zariya su sami littafin da za su karanta tare. Sai dai daidaitawa dabam, mai da mutum abin dariya a garinsu dabam. Mu Hausawa ma bai kamata a tuna mana yadda harshe ke ɓacewa ba, tunda a cikin namu ne Ajanci na Bauchi da Auyakanci na ƙasar Haɗeja suka narke.

Bargery ya ba karin Sakkwato da Gobir da Katsina gurbi a ƙamusunsa na 1934, Bernard Caron kuma ya rubuta littafi sukutum kan Hausar Adar a 1991. Turawa ke nan. Ina kira ga Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya haɗa hannu da cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aikinta ke nan tattara tarihin baka, a tura ɗalibai su naɗi muryoyin dillalan dabbobi da direbobi da 'yan canji da tsofaffin mata na garuruwan iyaka, a fitar da ƙamus na kalmomin ɓangarorin biyu, a kuma karɓe shi a matsayin kundin digiri. Ba ya bukatar wani kasafi mai nauyi: wayar hannu ta isa ɗaukar murya, kasuwar Illela tana ci duk ranar Lahadi, kuma daga Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba.