Mai Tsohon Ciwon Hanta, Ka Kula da Ruwan da Kake Sha

'Yan uwa, yau maganata da kai ce, kai da aka auna jininka aka ce kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C.

Na sha jin ana cewa, "Ai ni na riga na kamu, me kuma ya rage?" To, da saura. Ƙwayoyin cutar hanta biyar likitoci suka lissafa: A, B, C, D da E, kuma samun ɗaya ba ya tsare ka daga sauran. Ba ma sai ka yi tafiya ba, a unguwarku za ka ɗauka.

A da E ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata: rijiyar da ke maƙwabtaka da masai, ƙanƙara, zoɓo da kunun ayar da ba ka san da wane ruwa aka haɗa ba. A 2017 nau'in E ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno, ya fi yi wa masu juna biyu illa. Mai lafiyayyar hanta galibi shawara ce ta 'yan makonni, ya miƙe. Amma kai hantarka kamar katanga ce da damina ta ci gindinta, ruwa kaɗan ya isa. Sai ciki ya kumbura, hankali ya ruɗe, wani har aman jini.

Nau'in D kuwa mai B kaɗai yake kamawa, ta jini. Ƙaho sunna ne, ban musa ba, amma ka sayi sabuwar rezarka ka tafi da ita wurin wanzami da mai yankan farce.

Ga abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ji ba. Idan idonka ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi, kada a jiƙa maka komai. Ko ni na ba ka, kar ka sha. Duk abin da ya shiga ciki hanta ce ke tace shi, ita kuwa ta gaji. Jiƙo kala uku, a ɗora farasitamol, ai ƙara wa jaki kaya ne a kan hawa. Ranar nan ka tafi asibiti, kuma ka gaya wa likita tsohon ciwonka tun kafin ya tambaya.

Ruwan shanka a tafasa shi, a rufe. Matarka da yara a auna su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafin B. Kai ma ka tambaya ko za a yi maka na A.

Allah Ya ba mu lafiya.