Kada a bar maganin mai ciwon karkarwa a gida ranar da za a kwantar da shi asibiti

Yau maganar da na zo da ita ta shafi wani ciwo ne da ke cikin gidajenmu da dama, amma ba mu cika kiran shi da sunanshi ba, sai mu ce tsufa ne, ko iska, ko an yi wa mutum sammu. Ciwon karkarwa ne, wanda likitoci ke kira Parkinson, sunan wani likitan Ingila, James Parkinson, da ya yi bayaninshi a rubuce a shekarar 1817. Wanda ya ga ɗan damben nan Muhammad Ali a talabijin a shekarar 1996, yana kunna wutar wasannin Olimpik hannunshi na rawa, to ya ga wannan ciwo da idonshi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 2019 mutane fiye da miliyan 8 da rabi ne ke fama da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya samu kawuna, ɗan kasuwa mai saida goro. Shekara shida kenan da likita ya tabbatar mishi da ciwon, ya ɗora shi a kan magani sau huɗu a yini: ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 10, ƙarfe 2 da kuma ƙarfe 6 na marece. Da wannan magani yake zuwa rumfa, yana ƙirga kuɗinshi da hannunshi, yana zuwa masallaci da ƙafarshi. A damanar da ta wuce masassara ta kada shi, ga amai, muka kai shi asibiti cikin dare, aka kwantar da shi. Cikin gaggawa aka ɗauko tabarma, aka ɗauko buta da kwanon abinci, kwalin magani kuwa aka bar shi a kan taga. Da inna ta tuna, sai ta ce a ƙyale shi, ai ba a haɗa maganin gida da na likita. Mu ba mu faɗa ba, su ma ba su tambaya ba. Aka yi mishi allurar tsaida amai, aka sa mishi ƙarin ruwa.

A kwana na biyu masassara ta sauka, amma kawu ya sandare kamar icce. Ba ya juyawa, ba ya haɗiye ko miyau, magana ta maƙale. Har an fara kiran ƴan uwa na nesa a salula. Allah ya kawo wani matashin likita, ya lanƙwasa hannun kawu ya ji yadda ya ƙage, sai ya juyo ya ce: "Hajiya, wane magani baba yake sha a gida?" Nan take aka tura yaro bisa babur. Aka maida shi kan maganinshi, aka canza na amai, bayan kwana biyu ya tashi zaune yana tambayar wa aka bari a rumfa. Ba na ɗora laifin a kan kowa shi kaɗai, domin rabinshi namu ne.

Ga abin da likitan ya fahimtar da mu. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna dofamin, shi ke sa gaɓoɓi su motsa cikin sauƙi. Mai wannan ciwo, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin ne ke mutuwa sannu a hankali, shi ya sa ake ganin rawar hannu, da nauyin jiki, da tafiya da ƙananan taku. Babban maganin shi ne levodopa, wanda ake samu a farmasi da suna Modopar ko Sinemet. Ba ya warkar da ciwon, cike giɓin abin da ya ƙare yake yi, kuma aikinshi a jiki na ƴan awoyi ne. Kamar garwashin mai tuyar ƙosai ne: idan ba a ƙara gawayi a kan kari ba, mai zai huce, tuya ta tsaya. Saboda haka ne a Ingila, ƙa'idar da aka shimfiɗa wa asibitoci a shekarar 2018 ta ce a ba majinyaci wannan magani cikin minti 30 na lokacin da ya saba sha. Idan kuwa aka yanke shi kwatsam na kwanaki, mutum na iya sandarewa, jiki ya ɗauki zafi, hankali ya gushe, har a rasa rai.

To a nan ne matsalar take. Asibiti yana da nashi tsari na rabon magani, safe, rana da dare, shi kuma mai ciwon karkarwa yana da nashi agogo, wanda likitanshi ya daɗe yana gyarawa kafin ya zauna daidai. Wani zai ce ma'aikacin jinya guda da ke kula da ɗaki cike da gadaje ba zai iya tsayuwa kan mutum ɗaya ƙarfe 10 daidai ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana asibiti ya ga irin wahalar da suke sha. Amma a ƙasarmu ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Kullum akwai mai jinya a gindin gado, mata ko ɗiya ko ƙanwa, ita ke sayo magani, ita ke ba da abinci. Ra'ayina shi ne a amince mata ta riƙa ba da wannan magani da hannunta a kan lokaci, da sanin likita, a kuma rubuta hakan cikin karnen majinyaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Maganar inna ma tana da tushe: shan magani a ɓoye a gadon asibiti haɗari ne. Sai dai gyaran shi ne a ɗauko kwalin a nuna wa likita tun daga bakin ƙofa, a ce mishi ga ciwon da yake da shi, ga abin da yake sha, ga lokutan. A rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe a liƙa a kan gado, a sa ƙararrawar salula. Idan ma'aikata suka canza aiki da dare, a sake faɗa wa wanda ya karɓa. Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma koya wa likita aiki ba ne.

Abu na biyu da nake so kowace mai jinya ta riƙe shi ne sunayen wasu magunguna da ke toshe hanyar dofamin, su ƙara wa ciwon ƙarfi. Akwai Primpéran na tsaida amai, wanda sananne ne ƙwarai a wajenmu, akwai Haldol da Largactil da ake ba wanda ya ruɗe ko yake fizge-fizge. Ga sauran mutane suna da amfaninsu, ga mai ciwon karkarwa kuwa suna iya kwantar da shi. Idan an kawo allura ko an rubuta takardar magani, ki tambaya cikin ladabi: "Likita, wannan ya dace da mai Parkinson?" Akwai wasu da za a ba shi a madadinsu, likita ya san su. Kuma don Allah kada a sayo mishi maganin amai ko na barci a tiren masu talla cikin kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar abinci. Nama, ƙwai, wake da nono suna rage shigar levodopa cikin jiki idan aka haɗa su lokaci guda. Mu kuwa da mun ga marar lafiya sai mu dama mishi fura da nono mu ba shi ya kora magani da ita. Ya fi kyau ya sha da ruwa kamar rabin awa kafin cin abinci, ko awa guda bayan ya ci. Ƙwayar ƙarin jini ma a raba ta da shi da kamar awa biyu. Kada a ɗura mishi kunu yana kwance, a zaunar da shi sosai, domin haɗiya na yi musu wuya, abinci na iya bin hanyar iska ya haddasa ciwon huhu. Idan ya kasa haɗiye ƙwaya, a gaya wa likita nan take, kada a daka ta da ka, domin akwai irin da ba a dakawa. Idan aka ce kada ya ci komi saboda za a yi mishi aiki, a tambaya ƙarara yadda za a yi da maganin karkarwa, kada a ɗauka shi ma an hana. Wajen tashi kuma a riƙe shi, ya ɗan zauna bakin gado tukuna, saboda jiri na ɗibarsu su faɗi.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa ba a jira kaya su ƙare kafin a tafi saro. Wannan magani ba kowace farmasi ke ajiye shi ba, musamman idan an bar manyan birane. A riƙa ajiye na sati biyu a gefe, wuri mai inuwa, a tsohon kwalinshi. Mai zuwa Yamai, Maradi, Damagaram ko Tawa, a ba shi takardar likita ya sayo a farmasi.

Kirana ga ma'aikatar kiyon lafiya da shugabannin asibitoci guda biyu ne. Levodopa yana cikin jerin muhimman magunguna na hukumar lafiya ta duniya, to a tabbatar ana samun shi a farmasin asibitocinmu. Sannan a maida tambayar nan ta matashin likita doka ga duk wanda aka kwantar: wane magani kake sha a gida, kuma ƙarfe nawa? Ba ta cin ko dala. Mu ma ƴan rediyo muna da namu rabo, ko da a ranar 11 ga watan Afrilu ne, ranar da duniya ta keɓe wa wannan ciwo, mu gayyato likitoci su yi wa jama'a bayani da Hausa.

Kawu ya koma rumfa. Yanzu kwalin maganinshi yana cikin aljihun rigarshi tare da wata takarda da muka rubuta mishi, inna kuwa ita ce ke fara tuna mishi idan ƙarfe 10 ya yi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri. Amin.