Wa Zai Nuna wa Ɗalibin Shari'a Ƙofar Aiki?

Sa'ad da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano cikin 1934, En'e ce ke aika ɗalibi, in ya gama kuwa ya tarar da aiki na jiransa a ɗakin alƙali. Aka rushe En'e cikin 1976, wannan kyakkyawar al'ada ta bi ta.

Yau yaron Yawuri ya kan yi shekara biyar a jami'ar Sakkwato ko ta Zariya, ya ƙara guda a Makarantar Lauyoyi, sa'an nan ya rasa mai ce masa ga hanya. Sai ya nufi Abuja, ya yi ta bin ofisoshi da takardu a hammata.

Alhali kuwa aikin na nan gida. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya ci garuruwa, aka sake wa dubban mutane mazauni. Jikokinsu, manoma da masunta, su suka fi kowa bukatar mai bayyana musu dokar filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa hannun Gwamna.

To, malamai da akawuna, shawarata ita ce kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen 'ya'yanta masu karatun shari'a. In an yi hutu, a sama musu wurin zama a kotunan Yelwa da Wara da Shanga, su ga yadda aiki ke tafiya, alƙalai su san su. Wannan ba ya cin kuɗi, kulawa kaɗai yake so. Da ɗan gari a kan ci gari.