Sabon Malamin Ingilishi da Tarkon Aikin Ƙasar Waje

A duk shekara idan jami'o'i da kwalejojin ilimi suka yaye ɗalibai, akan sami wani rukuni na 'yan uwa matasa da suka karanta Ingilishi sun fito da zato guda: wai tunda duniya tana neman Turanci ido rufe, to su kam aiki yana can yana jiransu a Saudiyya ko Koriya ko China. Kafin ɗan uwa ya gama hidimar ƙasa ya riga ya yi fasfo, ya fara zarya ofishin ejan. Wani ma har ya shawo kan mahaifinsa a jinginar da gona.

Abin da ejan ba zai taɓa gaya masa ba shi ne, a wannan kasuwa launin fasfo ake fara dubawa kafin takardar digiri. Koriya ta Kudu, wadda ke ɗaukar dubban malaman Ingilishi, ƙasashe bakwai ta lissafa waɗanda take ɗaukar mutanensu a matsayin masu harshen: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Daga baya aka ɗan buɗa wa Indiyawa ƙofa saboda wata yarjejeniyar ciniki. Nijeriya ba ta ciki. Wato Bature da ya karanta wani fanni daban, bai taɓa riƙe alli ba, yana gaba da wanda ya shekara huɗu yana haddar nahawun Turanci a Zariya ko Kano, alhali kuwa shi wannan na biyun ya san wahalar koyon harshen a jikinsa, ya san inda ɗalibi yake tuntuɓe, domin shi ma a nan ya yi tuntuɓe. Wannan zalunci ne, kuma ragowar tunanin mulkin mallaka ne. To amma sanin cewa zalunci ne ba ya buga wa kowa biza.

China kuwa, wadda ake ta ba da labarin albashinta, a watan Yulin 2021 gwamnatinta ta hana kamfanoni masu neman riba koyar da yara darussan makaranta bayan an tashi, ta kuma hana su ɗaukar malamai mazauna ƙasashen waje su koyar ta intanet. Kamfanoni da yawa suka durƙushe. Ita ma Ingila da ta buɗe wa malaman Nijeriya hanyar neman shaidar koyarwa a 2023, masu lissafi da kimiyya da wasu harsuna ta kira, ba masu Ingilishi ba, kuma ta ce sai wanda ya riga ya koyar. Wa zai kai gawayi gidan maƙeri?

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙasa mai tsarki, domin a nan ne ake haɗa wa matashi kwaɗayin riyal da son ibada a dunƙule guda. Gaskiya ne jami'o'in Saudiyya suna koyar da Ingilishi a shekarar share fage, kuma suna ɗaukar baƙi. Sai dai galibi mai digiri na biyu da shekarun aiki suke nema. Shi sabon malami da bai cika wannan ba, sai ejan ya ce masa ya shiga da bizar Umara, idan ya isa "za a gyara takardu". Bizar Umara ba ta halatta aiki. Wanda ya zarce wa'adinta ya zama takari ke nan: ba igama, ba makarantar kirki da za ta ɗauke shi, ya ga ɗan sanda ya canza hanya. Mutumin da ya tafi da niyyar tsayawa gaban allo sai ya ƙare a wankin mota ko dako, yana jin kunyar bugo waya gida saboda gonar da aka jinginar. Ko wanda ya shiga da bizar aiki ta gaskiya, zamansa yana rataye ne da wanda ya ɗauko shi, duk da sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021.

Shin wannan yana nufin ɗan uwa ya haƙura da fita? A'a. Yana nufin ya daina neman tsallake matakala. Abin da ke buɗe ƙofa a waje shi ne shekara biyu ko uku a cikin aji na gaske, ko da Islamiyyar unguwa ce mai sashen boko, ko sakandaren ƙauye mai yara tamanin a ɗaki ɗaya. Wanda ya iya riƙe irin wannan aji ya fi ƙarfin ajin mutum ashirin mai na'urar sanyaya ɗaki. Ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Idan zai kashe kuɗi a kan wata shaida, ya bambance tsakanin takardun TEFL na kwana biyu da ake tallarsu a Facebook da irin CELTA ta Cambridge, wadda sai mutum ya koyar da ɗalibai na gaske na awa 6 ana zaune ana duba shi. Tana da tsada, amma ba ta kai abin da ake zuba wa ejan ba a dawo hannu wofi.

Sannan wa ya ce ƙasar waje sai an hau jirgi? Shirin TAC da aka kafa a 1987 zamanin Babangida yana tura ƙwararru, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik na shekara biyu, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Waje. Su ma gogaggu suke ɗauka, ga hujja ta biyu ta fara koyarwa a gida. Ruwanda ta mayar da Ingilishi harshen karatu tun 2008. Togo da Gabon sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. A nan maƙwabta, Nijar a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Malamin da zai iya fassara wa yaron Maraɗi ko Damagaram darasi da Hausa yana da abin da Baturen Landan ba shi da shi. Albashin ba na Dubai ba ne, wannan kam ba a ɓoye shi, amma idan abu ya ɓaci mota ɗaya ce ta dawo da mutum Katsina.

Wanda kuma aka kawo masa tayin aiki daga nesa, ya nemi ganin kwantiragi da sunan makarantar, ya tuntuɓe ta da kansa ba ta bakin ejan ba, ya san wa zai biya kuɗin jirgi da masauki. Takardunsa ya kai su Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a tantance, sannan ofishin jakadancin ƙasar. Bizar da za a buga masa ta zama ta aiki tun daga nan gida, kuma idan ya sauka fasfonsa ya zauna a aljihunsa, ba a durowar mai gida ba.