Guntun Rubutu Ma Yana da Babinsa

 Muna so mu ɗan tsaya a kan wani aiki da mutane ke rainawa: sa wa guntayen muƙaloli alama a Wikipedia ta Hausa, da shigar da kowace cikin rukunin da ya dace da ita.

Wikipedia kundin sani ne a intanet da aka buɗe ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma kowa na iya rubutu a ciki kyauta. Akwai ta Larabci, akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa. To amma wanda ya saba leƙa ta Hausa ya san sau da yawa zai buɗe sunan gari ko na mutum, ya tarar da layi biyu ko uku, shi ke nan. Irin wannan ake kira guntuwar muƙala. Wasu sukan ce wai gara a goge ta, tunda ba ta ƙosar da mai karatu. Mu dai ra'ayinmu shi ne a bar ta, a sa mata alamar da ke cewa ba a kammala ba, sannan a ajiye ta inda mai neman ta zai same ta.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malam. Ishmawi da Ahalari da Risala duk a babi-babi suke, shi ya sa mai neman hukuncin taimama ba ya zuwa babin gado. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekarar 256 bayan Hijira, akwai babobi a Sahihinsa da ya rubuta kansu bai kawo hadisi a ƙarƙashi ba, kuma masu kwafa ba su share su ba. Su ma masu kwafar littattafai da hannu, in sun iske gurbi a asalin littafi, sukan rubuta a gefe cewa nan akwai fili, ba sa cike shi da abin da suka ga dama. Ibnu Nadim kuwa, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya tsara Fihirisinsa a shekarar 377 bayan Hijira, wato 987, ya kasa shi maƙala goma, kowace da fannoninta. Saboda wannan tsari ne har yau aka san sunayen littattafai masu yawa da su kansu sun ɓace.

Me alamar take yi? Na farko, tana faɗa wa mai karatu gaskiya. A ce muƙala ta ce Abeche gari ne a gabashin Chadi, ta tsaya nan. Yaro a Kano ko Maraɗi zai ɗauka iyakar labarin ke nan, alhali garin nan ya kasance babban birnin Daular Wadai. In akwai alama, ya san akwai saura. Na biyu, tana kiran wanda ya sani ya zo ya ƙara.

Shi kuma rukuni, aikinsa tarawa. Muƙalar da ba ta da rukuni kamar akuya ce da ta kwana a waje, ba mai ƙirga ta. Amma in aka tara garuruwan Chadi wuri ɗaya, kogunanta wuri ɗaya, sarakunan Kanem da Bagirmi da Wadai kowane a nasa, mutum zai ga abin da ke akwai da abin da babu. Zai ga an rubuta Chari, ya duba ko an rubuta Logone, tunda a nan gabanmu suke haɗuwa. Zai kuma kama maimaici, don sunan garinmu kaɗai wani ya rubuta N'Djamena, wani Ndjamena, wani ya bi lafazin Larabci. Kafin 1973 ma Fort-Lamy ake ce masa. In ba a lura ba, sai gari ɗaya ya zama muƙala uku, kowace gurguwa.

Masu suka suna da hujja guda, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Akwai mai zuba layi ɗaya, ya manna alama, ya wuce, don kawai a ce ya rubuta da yawa. Wannan kam ba daidai ba ne. Alamar bashi ce, kuma bashi biya ake yi. Guntuwar ma dole abin da ke cikinta ya zama gaskiya, a kuma nuna inda aka samo shi, kamar yadda aka koya mana tambayar isnadi kafin karɓar magana.

To, me ya shafe mu? Mu fa muna da abin da da yawa daga masu rubutun Najeriya da Nijar ba su da shi. Muna karanta Larabci, wasunmu na jin Faransanci, ga Hausa a gida. Mun san Farcha da Chagoua unguwanni ne, Gaoui ƙauye ne, Kousseri kuwa tana tsallaken ruwa a Kamaru. Wanda ke nesa yana iya cakuɗa su, mu ba za mu cakuɗa ba. Kuma aikin bai buƙatar kwamfuta, waya ta isa: a buɗe muƙala, a duba ƙasanta, in babu rukuni a sa, in gajeriya ce a sa alama, in an san jimla ɗaya tabbatacciya a ƙara.

Shawararmu ita ce, a hutun bana kowane ɗalibi ya ɗauki muƙaloli biyar da suka shafi ƙasarmu ya gyara musu zama, abin da ya shige masa duhu ya tambayi malam kafin ya rubuta. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora.